Hannun da Ya Zuba Ruwan

Farantin shawa na gidan Lalla Mbarka, wanda ake tsayawa a kai a yi wanka, ya tsage tun mijinta na da rai, ruwa na tsiyaya ƙarƙashinsa har bango ya jiƙe. Ba ta kula ba. Tun da aka fita da gawarsa ba ta kula da komai. Ta ci, ta kwanta, gari ya waye. Sai da aka ce 'yarta Zhor ta haihu, gobe za ta taho gida jego da jaririn, sannan ta kira Si Larbi mai gyaran famfo.

Ya yini yana fasa tsohon siminti. Dab da magariba ya ɗaga farantin ya jingine da bango. Ga bakin rariya nan a buɗe, baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen sabulu da gashi.

Ya ce, "A toshe take, Lalla. Da safe in buɗe ta, in zaunar da sabon."

"Tun azahar kake shanye min shayi kamar gidan suna. Yau za ka gama."

"Ko gidan za ki ba ni, ba na taɓa rariya rana na faɗuwa. Aljanun ƙasa sun farka." Ya barbaɗa gishiri a bakin ramin, ya cusa tsumma. "Kada ki zuba komai. Balle mai zafi."

"Ji ƙato da gemu yana tsoron rami."

Ya kwashi kayansa yana dariya.

Ita dai ta san ruwan zafi na narka datti. In ta buɗe rariyar yanzu, kafin Zhor ta iso an gama. Ta ɗora tukunya. Ana kiran salla ta shiga banɗakin, ba bisimilla, ba neman izini, don hankalinta ba ya jikinta. Ta zare tsumman da ƙafa, ta juye ruwan da hannun dama.

Tururi ya tashi. Warin ya sauya, ya koma na ƙonannen nama.

Sai kuka. Kukan jariri, can ƙarƙashin ƙasa.

Ƙofa ta rufe kanta a hankali. Famfo ya daina ɗiga.

"Kin ƙona min ɗa."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga cikin ramin. Lalla Mbarka ta tsaya da tukunya a hannu.

"Gobe naki zai zo," in ji muryar. "Ɗa da ɗa."

Nan bakinta ya buɗe da kansa, da muryar cinikin nan da masu kifi suka sani a kasuwa.

"Ba ki isa ba. Shi ya zuba?"

"To ranki."

"Naki mutuwa ya yi? Ga shi ina jin kukansa. Ƙuna ce. Ƙuna ba ta kai rai ba."

Wani abu ya ja jiki a cikin bututu.

"Hannuwanki biyu."

"Ɗaya ne ya zuba."

"Har kafaɗa."

"Gwiwar hannu. Ba na ƙara ko ɗan yatsa. Kuma jikana, ko inuwarsa ba ruwanki."

Kukan ya tsaya.

"Kawo."

Ta durƙusa. Ta zura hannun.

Sanyi. Yatsu dogaye suka kama wuyan hannunta, suka hau. Suka kai gwiwa. Suka nemi wucewa.

"Gwiwa muka ce!"

Ta fizge da dukan ƙarfinta, ta faɗi da baya, ƙofa ta wangale.

Da safe Si Larbi ya tarar da rariya a buɗe tas. Ya dubi tukunyar a ƙasa, ya dubi matar. Bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya kwaɓa siminti, ya zaunar da sabon farantin, ya toshe gefensa, ya tafi ko shayi bai sha ba.

Hannun yana nan, ba tabo, yana motsi. Amma daga yatsu zuwa gwiwa ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi.

Da azahar Zhor ta iso, ta ɗora mata jaririn a tafin hannun dama, a naɗe cikin farin zane.

"Inna, kin ji laushinsa?"

Lalla Mbarka ta dubi 'yan yatsun da suka riƙe nata gam. Ba ta ji komai ba.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Mayar min da shi hagu."