Babur ɗin Malama Afiniki Ya Ƙi Sayuwa

"Birki! Malam Meshak, birkin yana hannunka na dama!"

Afiniki ta ɗaga murya iya ƙarfinta, amma mutumin bai ji ba. Ƙafarsa yake ta dannawa a inda babu komai. Babur ɗin mai ƙafa uku ya shiga kwanar makarantar mishan, ya ɗaga tayar baya guda, ya kwanta da shi cikin lambatu.

Masu sayar da lemo a bakin titi suka fashe da dariya.

Meshak, tela ne a layin kasuwar Kafanchan, ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Malama, wannan ba babur ba ne, jaraba ce."

"Na ce maka kada ka karkata jikinka a kwana. Ba irin naku ba ne."

"Tun ina saurayi nake hawan babur, yau za a koya mini kwana? Riƙe kayanki."

Ya tafi. Afiniki ta dogara da sandarta, ta jira aka tayar mata da babur ɗin, ta gyara kwalin da ke ɗaure a akwatin baya. Da alli mai launi ta rubuta a jikinsa: NA SAYARWA.

Ba shi ne na farko ba. Kafinsa an yi wani mai kantin magani, an yi ɗan sanda, an yi wani fasto daga Kagarko. Kowa da inda ya ƙare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shan inna ta taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama. Silvanus, mai walda a bayan tashar jirgin ƙasa, shi ya haɗa mata babur ɗin a bara, lokacin yana neman aurenta. Ita ta sayi tsohon babur, shi ya yanka shi, ya sa tayoyi biyu da akwati a baya. Ya auna ta da awon tela kamar mai ɗinka riga. Ya sauke kujera, ya ɗaga matakin hagu daidai tsawon ƙafarta, ya mayar da giya da birki hannu. Duk wanda ya saba da babur, ƙafarsa ce ke neman giya, jikinsa kuma ya karkata a kwana, nan take tayar baya ta tashi.

Ita ba ta taɓa hawan mai ƙafa biyu ba, saboda haka ba ta taɓa faɗuwa ba.

A Kirsimetin 1975 ya kai ta Fadan Kaje gaishe da mahaifiyarsa. Mama Selina ta dubi sandar, ta dubi ƙafar, sannan ta dubi ɗanta.

"Malamar makaranta ce, na ji. To wa zai ɗauko mini citta daga gona?"

Silvanus ya sunkuyar da kai. Bai ce komai ba.

Washegari Afiniki ta aika masa da zobensa na baiko. Ta nemi canjin wurin aiki, aka ba ta Gwantu, inda akwai ɗaki a cikin harabar makaranta. Za ta tafi bayan Ista, kuma ta yanke cewa ba za ta tafi da aikin hannunsa ba.

"Ayya, Malama! Shi ma ya faɗi?"

Bernice ce ta iso bakin lambatun, mai buga tafireta, 'yar ƙawar Mama Selina a zumuntar mata. Duk garin an san ita ce tsohuwar ta zaɓa wa ɗanta. Kuma ita ce ta kawo Meshak, ita ta kawo faston.

"Ya faɗi."

"Kada ki damu, 'yar'uwa. Zan nemo wani. Ni dai so nake ki tafi Gwantu hankalinki kwance."

"Na sani, Bernice. Ban taɓa ganin dillaliyar da ke aiki ba lada kamarki ba."

Bernice ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"Amma kin san laifin wa? Duk wanda na kawo sai ya bi ta shagon Silvanus ya tambaya. Shi kuma ya ce musu abin na mutum ɗaya ne."

Afiniki ta ja sandar tayar da inji, ta juya kan babur ɗin zuwa tasha.

Ta same shi tsugune yana liƙe ƙafar garma. Ya ɗaga baƙin gilashin daga idonsa, ya miƙe da sauri.

"Afi..."

"Malam Silvanus, kai kake kore mini masu saye?"

"Tambayata suke yi, ina faɗa musu gaskiya."

"Wace gaskiyar?"

"Cewa a jikinki na auna shi. Ba zai karɓi kowa ba."

"To mayar da shi yadda yake. Cire taya ɗaya, ka sa giya a ƙafa."

Ya dubi babur ɗin, ya shafa inda lambatu ya kankare fenti.

"Na yanke ƙashin bayansa, Afi. Ba ya komawa. In na taɓa shi sai dai a sayar a ƙarfe."

"To a sayar a ƙarfe!"

"In kin ce in yanka, zan yanka. Naki ne." Ya ajiye gilashin a kan benci. "Amma ki sani, na faɗa wa Mama ba zan auri Bernice ba. Ba zan auri kowa ba in ba ke ba. Masoyiyata, ki..."

"A ina ka faɗa mata?"

"A ɗakinta."

"Ni a tsakar gida ta faɗa mini, a gaban mutane. Kuma a gabana ka yi shiru."

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Ka gani?" ta ce. "Har yanzu."

Ta juya babur ɗin ta tafi. Ba ta ce ya yanka ba. A hanya ta lura da hakan, ta ji haushin kanta.

Bernice ta cika alkawari. Ranar wata Juma'a ta zo da Kumai, mai sayen busasshiyar citta yana lodawa a jirgi zuwa kudu. Mutum ne gajere mai tumbi, bai ko kalli kujerar ba, akwatin ya yi ta ƙwanƙwasawa.

"Buhu nawa yake ɗauka, Malama?"

"Ban taɓa sa masa buhu ba. Littattafan yara nake ɗauka."

"Ni ban iya babur ba, ko keke ban iya ba. Ƙanena zai koya."

"In bai taɓa hawan babur ba, zai fi saurin koya."

"Yauwa! Amma ba na sayen abin da ban gani yana aiki ba. Gobe ina da kaya a wata gona, mota ba ta shiga hanyar. Ki ɗauko mini zuwa tashar Zonkwa. In ya yi, mu yi ciniki."

"Gobe ɗin ma ya yi!" Bernice ta amsa kafin a tambaye ta. "Ni ma zan raka ku."

Ba ta tambayi gonar wa ce ba. Afiniki ma ba ta tambaya ba.

Sai da suka bar babban titi, Kumai da Bernice a kan akwati, suka bi siririyar hanya ta tsakanin itatuwan ɗorawa, sannan Afiniki ta gane wurin. Bernice ma ta gane, ta daina surutu.

A kan wani faffaɗan dutse, inda aka shanya cittar tun rani, buhuna na jere. Mama Selina na tsaye da zani ɗaure a ƙugu, matan unguwa na naɗa gammo. Silvanus ya zo taya aikin Asabar, buhu a kafaɗarsa.

Tsohuwar ta ga mai tuƙin, fuskarta ta canja.

"Kumai, na ce ka zo da masu ɗauka. Me ya kawo wannan?"

Afiniki ta kashe inji.

"Ina kwana, Mama. Ban zo neman komai ba. Babur nake sayarwa."

Silvanus ya sauke buhun a ƙasa. Ya zo ya tsaya kusa da tayar gaba, inda kowa zai ji.

"Mama, sunanta Afiniki, ba wannan ba. Ita zan aura, in ta yarda. Ko ta ɗauki citta ko ba ta ɗauka ba. Ranar Kirsimeti ya kamata in faɗa, tsoro ya hana ni. Yau na faɗa."

Matan suka tsaya da gammo a hannu. Bernice ta sauko daga akwatin tana gyara siket.

"Silvanus! Mama kake faɗa wa haka? A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka fara."

Mama Selina ta ja dogon tsaki. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai iska ta kaɗa mata ɗankwali. Kowa ya ɗaga kai. Hadari ne ya haɗo daga gabas, ruwan farko, ya zo da wuri.

"Wayyo Yesu!" in ji ɗaya daga cikin matan.

Kumai ya ɗaga hannu biyu.

"Mama, kin san ni. Citta in ta jiƙe ta yi fumfuna, ba na saye."

Noman shekara guda ne a kan dutsen. Da kai, kowace mace buhu ɗaya za ta kai, ruwan zai same su a hanya.

Afiniki ta ja sandar, injin ya tashi.

"A loda. Masu nauyi a tsakiya, kada su hau kan taya ɗaya. Silvanus, ɗaure da igiya."

Ta tafi, ta dawo. Ta sake tafiya, ta sake dawowa. A kwana ba ta karkata, a gangaren rafi hannunta na kan birki, babur ɗin na nishi amma bai tsaya ba. Kumai ya zauna a rumfar tasha yana karɓa. An ce wa Bernice ta taya ɗaurin bakin buhu, ta ce ƙurar citta na sa ta atishawa, ta koma gindin ɗorawa.

A lodin ƙarshe aka fara yayyafi. Mama Selina ta tattare zani, ta kama igiya, ta haye kan buhunan.

"Mama, sauko!" Silvanus ya ce. "Ba wurin zama ba ne."

"Ba a auna mini citta ba na wurin. Kumai ne fa." Ta taɓa kafaɗar Afiniki da yatsa ɗaya. "Malama, tafi a hankali."

"To, Mama. In mun zo kwana ki zauna daram, kada ki karkata."

"Ni na taɓa hawan babur ne da zan karkata?"

Kafin su kai rabin hanya ruwa ya sauko. Buhunan na ƙarƙashin tabarmar kaba, tsohuwar ce a fili. Ta laluba, ta tsinke igiyar kwalin da ke jikin akwati, ta kifa shi a kanta. Can kuma ta matso gaba, ta miƙa rabinsa bisa kan mai tuƙi.

Haka suka shiga rumfar tasha. Silvanus ya iso a guje bayansu, jiƙe sharkaf.

Kumai ya zura hannu cikin buhu, ya karya citta guda, ya shinshina.

"A bushe take." Ya zagaya babur ɗin yana gyaɗa kai. "Malama, na saya. Faɗi kuɗinki."

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Mama Selina.

"Haba Mama, ga shi a rubuce!"

"Ina?"

Ta miƙa masa kwalin. Ruwa ya wanke allin tas.

Afiniki ta ɗauko sandarta, ta sauko a hankali.

"Mama, babur ɗin nawa ne. Ni zan ce a sayar ko kada a sayar."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, wannan karon ba ta tsaya a ƙafar ba.

"Gaskiyarki. Na yi miki magana marar kyau ranar Kirsimeti, 'yata. Bakina ne, kowa ya san shi." Ta matse bakin zaninta. "Wannan sakaran ya ce in kin yarda. Kin yarda ko ba ki yarda ba? Sanyi nake ji."

Afiniki ta juya ga Silvanus. Ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Zoben yana nan?"

"Yana aljihuna tun ranar, zuciyata."

"A aljihun aikin walda? Allah ya sa bai narke ba."

Ta miƙa hannu.

Kumai ya yi ƙorafin an ɓata masa Asabar, sannan ya tambaya ko Malama za ta riƙa ɗauko masa kaya in an yi hutun makaranta. Ta ce za ta duba. Bernice ta hau motar haya zuwa Kafanchan ba ta yi sallama ba.

An soke tafiyar Gwantu. An ɗaura auren a coci bayan girbi, amarya ce ta tuƙo ango zuwa gida. Kafin ranar, Silvanus ya ƙara wa babur ɗin kujera a gefen akwati, da abin jingina baya. Mama Selina ta zo shagon da kanta, ta tsaya ya auna ta.