Bugun da Gafiya Ta Bi

Gafiya tana cin dutse tun hantsi. Haƙoranta na ƙarfe suna juyawa, tana tura ɓaraguzai ta baya, tana nutsawa ƙarƙashin Birnin Kuza. A sama, cikin rumfar masu ceto, Jatau ya manna abin sauraro a kunne. 

Ramin da ake haƙo farin dutsen batir ya rufta da safe. Mutanen da ke aiki a ƙasa duk suna ciki, har da yayansa Barau. Iskar da ta rage musu ba za ta kai la'asar ba.

Gafiya na'urar ceto ce. Tana da kunnuwa da ake kafawa cikin ƙasa, su jiyo motsi, ƙwaƙwalwarta ta tantance na mutum da na ruwa ko dutse. Sai dai da aka zo koya mata yadda wanda ƙasa ta rufe yake bugu, an rasa inda za a samo sautin, don waɗanda suka taɓa yin irin wannan bugun ba su fito ba. Sai aka ɗauko na wani fim da aka yi shekarun baya kan mahaƙa da rami ya danne. A fim ɗin an ceto kowa.

Tun kafin ta fara haƙa, sauti biyu ta jiyo. Na gabas mai ƙarfi, a tsare. Na yamma siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta ce na gabas mutum ne, na yamma ɗigar ruwa.

Injiniya Asabe, shugabar aikin, ba ta gamsu ba. Ta ce gabas tsohon rami ne da aka daina shiga, me zai kai su can? Ta miƙa wa Jatau abin sauraron, tunda shi ma ya yi haƙa kafin injuna su karɓe rabin aikin. Yana ji, ya gane bugun. Bugu a jere, ɗan shiru, sai a ja ƙarfe a kan bututu. Haka mahaifinsu ya koya musu, shi da Barau, tun suna yara.

“Bugun gidanmu ne, ranki ya daɗe,” in ji shi. “Yaya ne. Na rantse.”

Asabe ta dube shi. Sannan ta juya Gafiya gabas.

Lantana, matar Barau, tana bayan igiyar da aka tare jama'a da ita, da kwanon abincin da ta kawo wa mijinta. Jatau ya je ya gaya mata. Ta yi dariya da hawaye, ta ce in ya fito sai ya cinye tuwon nan da sanyinsa, shi ne hukuncinsa. Ta ce shi kuma ƙanin miji, daga yau ta yafe masa satar naman miya.

Bayan azahar Gafiya ta fasa dutsen, ta faɗa ramin gabas. Hoto ya fito a allon rumfar. Babu kowa. Duwatsun soso ne da aka yi wa fenti, da hular haƙa sabuwa fil, da wani baƙin akwati a jingine da bututu. Daga cikinsa bugun yake fitowa.

Jatau ya gane wurin. A nan aka ɗauki fim ɗin. Lokacin an sallame shi daga aiki, masu fim suka nemi mahaƙi na gaske ya buga musu bututu, ya je ya buga. Ya buga da ƙarfinsa, cikinsa a ƙoshe, ƙirjinsa cike da iska. Suka naɗi sautin a akwatin da aka saita ya fara bugu in ƙasa ta girgiza. Da suka gama, babu wanda ya koma ya ɗauko shi. Ruftawar safe ce ta tashe shi.

Bugun hannunsa ne ya ji, ba na Barau ba. Kuma da hannun nan nasa aka koya wa Gafiya abin da ake kira mutum.

Asabe ba ta zarge shi ba. Ta ba da umarni a juya yamma, murya ƙasa-ƙasa. Na'urar ta soma ja da baya a hankali. Dutsen da ke tsakani ya fi wanda ta ci tun hantsi kauri.

Jatau ya mayar da abin sauraron, ya nemi sautin yamma. Mutumin da numfashinsa ke ƙarewa ba ya bugu a tsare. Yana bugawa, ya huta, ya sake. Bai taɓa tunanin haka ba sai yanzu.

Lantana ta ɗago masa kwanon daga nesa, tana tambaya da ido. Bai iya dubanta ba.

Ana kiran la'asar Gafiya ta yi magana da tattausar muryar da aka sa mata. Ta ce ɗigar ruwan yamma ta tsaya.

A gabas, akwatin yana ta bugu.