Matar Da Ta San Takun Kowa

Ƙarfe bakwai saura kwata aka buga wa Sufeto waya: mai shara ya tsinci gawa ƙarƙashin gadar katako a babban lambun shaƙatawa.

Lambun ya fi wata unguwar girma. Hanyar 'yan gudu ta zagaye tafki, kilomita huɗu, ta ratsa itatuwan da rana ba ta shiga sai ta ɗaga. Mamacin dattijo ne, kocin 'yan tsere. Katakon gefen gadar ya karye, kansa ya bugi dutse. A aljihunsa Sufeto ya sami 'yar kwalbar allura naɗe a hankici.

Ya aika da kwalbar ɗakin gwaji, ya nufi gidan gwarzon 'yan tseren kocin, wanda ake kira Barewa. Ya same shi da bandeji a gwiwa.

"Yau ka je lambu?"

"Ina fa, Yallaɓai. Kwana biyu ko ƙofa ba na kaiwa."

Washegari da safe maigadin lambun ya ce, "In shaida kake nema, jira Malama. Shekara goma ba ta yi fashi ba."

Can sai ga mata biyu a guje, 'yar igiya ta haɗa hannuwansu. Babbar, wato Malama, ta kai sittin.

"Yallaɓai, Yaya ba ta gani," in ji ƙanwar. "Ni kuma ƙasa nake kallo, kada ta yi tuntuɓe."

Sufeto ya juya zai tafi.

"Takalmin nan sabo ne, yana matse maka ƙafar dama," in ji Malama. "Zauna mana."

Ya dubi ƙafarsa, ya zauna.

"Barewa sau uku yake wuce ni kullum. Jiya sau ɗaya. Ya nufi gada, na ji katako ya karye, na ɗauka reshe ne. Sai ga shi ya dawo ta bayan shinge, a kan ciyawa."

"Mutum nawa ke gudu a nan, Malama?"

"Da safe? Sun fi ɗari."

"Kuma kin san shi a cikinsu?"

"Kai ba ka sanin muryar matarka a kasuwa?"

Da yamma sakamako ya fito: maganin ƙara kuzari ne da aka haramta wa 'yan tsere.

Kashegari Sufeto ya tsayar da Malama a bakin hanya, ya sa mutum goma sha biyu su wuce ɗaya bayan ɗaya, ba magana. Ta ɗan karkatar da kai.

"Likita. Mai gidan burodi, yau ya yi nauyi. Wannan babbar 'yan biyu ce, ga ƙaramar. Wannan ban san shi ba, ɗan sanda ne, da diddige yake saukowa."

Kofur, wanda Sufeto ya saka a cikinsu, ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Shekara ashirin Sufeto yana ɗaukar bayanin masu ido, bai taɓa samun wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Na ƙarshe ya taho yana ɗingishi.

"Barewa," in ji ta a hankali. "Ɗana, mai ciwo lallaɓa ƙafarsa yake. Kai dukan ƙasa kake da ita."

Sufeto ya fito da kwalbar a cikin leda. Barewa ya dube ta, ya durƙusa a kan gwiwar da ya ce tana ciwo.

"A jakata kocin ya gan ta. Ya ce zai kai wa hukumar tsere, ko da ni ɗansa ne na cikinsa. Na kama rigarsa in ƙwace, ya ja da baya, katakon ya tafi da shi. Na leƙa, na ga ba ya motsi. Na gudu."

Kofur ya sa masa ankwa. Malama ta bi tafiyarsu da kunne har aka rufe ƙofar motar 'yan sanda.

"Tun yana yaro nake jin sa," ta ce. "Ban taɓa jin taku mai kyau irin nasa ba. Ba ya bukatar allura."

Ta ja igiyar, suka ci gaba. Sufeto ya rufe ido a bakin hanyar, ya kasa kunne. Mutane na ta wucewa. Duk ɗaya ya ji su.