Tambaya ta Uku

Na'urar Sauƙi ta haska koren haske a hannun Hansatu, ta ƙirga kumburin da ya feso mata, sannan ta yi magana da muryar da ta cika zauren asibitin.

"Borin jini ne. Furen gonakin sama ya jawo shi."

Tun da Birnin Tsauni ya mayar da rufin benayensa gonaki, rabin gari ke fama da atishawa da susa. Injiniya Mamuda, mahaifin Hansatu, ya shekara tara yana ƙera na'urar da za ta duba mutum ta haɗa masa magani nan take. Da farko jini take gwadawa, amma gwajin na cin minti goma, shi kuwa Mamuda ba ya son a ce wani ya fi shi sauri. Sai ya cire gwajin, ya sa tambayoyi uku. Ranar buɗewa ya kira 'yarsa, mai wata bakwai da aure, ta zama ta farko.

Na'urar ta tambayi shekarunta, ta tambayi ko tana shan wani magani. Sai ta uku.

"Kina da juna biyu?"

Amsar ce ke zaɓar magani. Akwai mai sauƙi, akwai sabo mai ƙarfi wanda ba a ba mai ciki. Hansatu ta ɗaga ido. Ga mahaifinta, ga aminansa, ga 'yan jarida. Cikin fari ne, wata huɗu, ko mahaifiyarta ba ta ji daga bakinta ba. Ta sunkuyar da kai.

"A'a."

Na'urar ta ba ta mai ƙarfin. Kumburin ya baje kafin ta sauko daga kujera. Aka yi ta tafi.

Kwana biyar bayan nan aka kwantar da ita, cikin ya zube. Mamuda ya tare Likita Asabe a bakin ɗakin.

"Likita, ai na'urar ta tambaye ta! Da kunnena na ji."

"A gabanka, Injiniya? Wace 'ya ce za ta amsa?"

Ya lissafa komai a na'urar nan, bai lissafa kunyar 'yar da ya raina da hannunsa ba. Baƙin ciki ya danne shi har ya kasa yin sallama, ya shiga ya tsaya daga nesa da gadon.

Hansatu ba ta juyo ba. Tana kallon bango ta faɗi maganar da ba ta taɓa tsammanin za ta yi a gabansa ba.

"Baba, namiji ne."