Ƙyallen da Ya Yi Nauyi

Rana na gab da faɗuwa Antusa ta fita ta ƙofar baya, ta ce wa mutanen gida za ta dubo 'yar'uwarta. Ƙarya take yi. Hanyar tudu ta kama, wadda ta ratsa gonakin zaitun ta hau zuwa hubbaren shahidi Hermiyas. Ta ja mayafi har kan hanci, da ƙyallen siliki da zare dunƙule a hannunta.

Antusa matar Sabinos ce, mai babbar matsar man zaitun ta garin, kuma a ganinta Ubangiji bai halicci mai tsabtarta ba. Ita ce ta sa aka watsa wa kutare ruwan wanke-wanke don sun zauna a inuwar katangarta. To ga shi wani farin tabo ya ɓullo mata a ƙasan wuya. Ta soka masa allura, ba ta ji komai ba. Ta san sunan abin. Ta kuma san ranar da dangin mijinta suka gani, ranar za ta bar gidan, kuma ba za a sake barinta ta ɗauki 'yarta ba.

Tun kafin ta ƙarasa wari ya tare ta. Barandar hubbaren cike take da makafi da guragu da masu farfaɗiya, kowa kan tabarmarsa yana jiran shahidi ya zo masa cikin barci. A bango an rataye ƙafafu da idanu na kakin zuma, kyautar waɗanda suka warke. Lubban na ci, amma bai iya da ɗoyin miki ba. Antusa ta toshe hanci, tana tattare bakin rigarta kada ya taɓa wani.

Ƙa'idar wurin ɗaya ce. Kabarin yana ƙarƙashin daɓe, da 'yar taga a kansa. Mutum zai durƙusa, ya faɗi sunansa da ciwonsa da ƙarfi, ya zura ƙyalle da zare. In ƙyallen ya dawo da nauyi, shahidi ya amsa, sai a ɗora a inda ke ciwo.

Ta sami Filoksena, tsohuwar da ke zuba wa fitilun mai, ta rage murya.

"Iya, babu wata hanya ta manyan mutane?"

"Akwai mana," in ji tsohuwar, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ga ta can, bayan mai gyambon nan."

"Ni in tsaya bayan waɗannan? In faɗi ciwona a kunnen kowa?"

"'Yar nan, a tsakiyar kasuwa aka sare wa shahidin kai, bai ɓoye wa kowa abin da yake ba. Ba ya jin raɗa."

Wani kuturu da ke jingine da ginshiƙi, Murinos, ya karkato kunne. "Muryar nan kamar na san ta. Ranki ya daɗe, yau ba a taho mana da ruwan wanka ba?"

Aka yi 'yar dariya. Antusa ta tofar da yawu, ta juya ta fice.

Ba gida ta nufa ba, bayan ginin ta zaga. Can a gindin bango, cikin ciyawa, ta ga wani faffaɗan dutse da aka zana wa gicciye, gefensa ya tsage, ga baƙin rami a ƙarƙashi. Ta yi murmushi. Kabarin ai ɗaya ne, ga taga ta biyu, sakarkaru suna can suna shaƙar numfashin juna. Ba ta tambayi kanta abin da ya sa ko sawun akuya babu a wurin ba. Antusa ba ta saba tambayar kanta komai ba.

Ta ture dutsen, ta durƙusa.

Hasken yamma ya yi ja, yana mutuwa. Gyaren da ke kuka cikin zaitun suka yi tsit gaba ɗaya. Waƙar yabon da ake yi a baranda ta koma nesa, kamar daga wani gari.

Wani ɗumi ya taso daga ramin, mai tsami, irin na ɗakin majinyaci da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta naɗe bakin zaren a yatsunta biyu, ta zura ƙyallen. Ba ta faɗi suna ba. Zaren ya yi ta tafiya, ya wuce zurfin kabari, ya ci gaba.

Sai ya yi nauyi.

Daɗi ya kama ta. "Ashe shi ma ya san manya," ta raɗa. Ta fara jawowa da hannu biyu, zaren na cizon fatarta. Ƙyallen ya iso bakin rami, jiƙe sharkaf, ya kumbura. Ta kwance mayafi, ta buɗe wuya, ta miƙa hannu.

Ƙyallen ya yi tari.

Tarin tsoho ne, busasshe, daga can cikin ƙirji. Wani ya amsa daga ƙasa. Sai nishi, sai kaɗawar haƙora, sai kukan jariri da ya shaƙe.

"Wa ya zo?" in ji wata murya ƙasa-ƙasa daga cikin ramin.

"Mai jiki. Sabo fil."

"Ni ƙafafun nake so."

"Ni idanun."

"Wuyan fa?"

"Bar shi. Ɗan'uwanmu ya riga mu."

Ta yi ƙoƙarin yar da zaren. Ya ƙi. Ya matse yatsun, ya ja.

Wuyan hannunta ya shige ramin. Sannan gwiwar hannu. Kuncinta ya manne da dutse. Wani abu mai laushi, mai zafin zazzaɓi, yana lalubar yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta shiga kiran sunan shahidi, leɓɓanta kawai ke motsi.

Ƙasa ta ɗauki dariya.

"Raɗa take yi."

"Ku ƙyale ta. Ba ya ji."

Kafaɗarta ta taɓa bakin ramin.

Nan ne Antusa ta buɗe maƙogwaro. "Hermiyas! Ni ce Antusa matar Sabinos! Kuturta gare ni!"

Muryar ta doki bango, ta gangara tudu har gidajen farko na gari.

Jan ya tsaya, amma bai saki ba. Ta ji ƙarar sanduna da jan ƙafa. Murinos ne ya fara isowa. Ba shi da yatsun riƙo, sai ya rungume ƙugunta da dungulmin hannuwansa, wani makaho ya kama shi, wani gurgu ya kama makahon. Suka ja har hannun ya fito. Filoksena ta kara wutar fitila a zaren. Ya tsinke. Ƙyallen ya faɗa, ba wanda ya ji saukarsa, sai wata doguwar ajiyar zuciya ta bakuna masu yawa.

Suka mayar da dutsen. Tsohuwar ta tsiyaya mai a kan gicciyen, sannan ta dubi Antusa da ke kwance cikin ciyawa.

"Ke da wayonki," ta ce. "Ciwon da shahidi yake cire wa mutane, ina kike zaton yake zubarwa? Juji kika zura wa hannu, uwargida."

A baranda ta kwana, kan tabarmar aro, tsakanin Murinos da mai gyambo. Da gari ya waye tabon wuyanta ya ɓace, fatar ta koma sumul. Sai dai duk garin ya riga ya ji abin da ta faɗa da bakinta. Da ta isa gida, ƙofa a rufe take. Ta buɗe wuya ta nuna, surukarta ta leƙo ta taga ta ce ai ciwon kan ɓuya. Wata baiwa ta watso mata ruwan wanke-wanke. Ta hango 'yarta a goye ana shigewa da ita ciki.

Yanzu a bayan hubbare take zama, kusa da dutsen. Yatsun nan biyu sun yi baƙi, ba su ƙara ɗumi ba, kuma da rana ta karkata hannun yakan yi nauyi ya nufi ƙasa, sai ta danne shi da ɗayan. Halinta na raini yana nan, waɗanda take rainawa ne suka canja. Lokaci zuwa lokaci wata mai mayafi har kan hanci takan zagayo a sace, da siliki a hannu. Antusa takan dube ta daga takalmi zuwa kai, ta ɗaga mata yatsun.

"Hanyar manyan mutane kike nema, ranki ya daɗe? Ga ni, na bi ta. Koma bayan mai gyambo."