Baƙon da Suhaila Ta Gayyato Misfala

Laima kawai Suhaila ta koma ɗaukowa. Ta manta da ita a saman benen gidan adana kayan tarihi, a wani tsohon garin Faransa mai nisa da Faris, inda ita da mijinta Majid suka je yawon buɗe ido. Tun safe suke zaga garin. Sun ga gadar dutse, sun ga coci mai dogon tsini, sun leƙa kasuwar cuku da warinta ya koro Suhaila ba shiri. Majid irin mutanen nan ne da sai sun karanta kowane allo a bango, shi ya sa magariba ta riske su a can, ga yayyafi ya fara.

Ta hau benen ita kaɗai. Ana ta kashe fitilu, katakon daɓen yana kuka a ƙarƙashin takalminta. Laimar na ɗakin ƙarshe, na kayan Afirka, jingine da wani akwatin gilashi. A cikinsa akwai sanda, da gorar ruwa, da takalmin fata da ya cinye har ya huje.

Wari ta fara ji, na tsohuwar fata da hayaƙin kara. Sannan ta ji sallama.

Wani tsoho ne zaune a benci, da farar riga da ta koma ruwan ƙasa, ƙura har gwiwarsa. Hausarsa irin ta marigayiya kakarta ce, wadda ta zo Makka ta Sudan. Daɗi ya kama Suhaila, don kwana da kwanaki ba ta ji harshen gida ba.

"Daga ina, 'yata?"

"Makka, Baba. Unguwar Misfala."

"Makka," ya maimaita a hankali. "Can muka nufa da ƙafa, ni da mai sandar nan. Shi ya kwanta dama a bakin tafkin Cadi. Aka kwaso kayansa zuwa nan, aka kwaso da ni."

Ta ɗauka rikicin tsufa ne, tausayi ya cika ta. Mahaifinta Abdulganiyyu ya shafe shekarunsa yana saukar da alhazai, kuma a gidansu ba a rabuwa da Bahaushe a baƙon wuri ba a yi masa tayin masauki ba. Maganar ta fito mata kamar gaisuwa.

"In Allah ya kawo ka, ka tambayi gidan Abdulganiyyu. Gidanka ne. Ni da kaina zan sauke maka kaya, in raka ka Harami."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa, Baba."

Makullan mai gadi suka yi ƙara a bayanta, ta waiwaya. Da ta juyo babu kowa a bencin, kuma katakon nan mai kuka bai ce uffan ba. Ta faɗa wa Majid a hanya, ya yi dariya, ya ce ita ko a duniyar wata aka kai ta sai ta samo ɗan'uwa. Baki dai shi ke yanka wuya.

Suka dawo Makka, rayuwa ta koma yadda take. Suhaila ce ke jinyar mahaifinta tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya daɗe rabonsa da taka ƙasa, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, kuma ba ta da wanda take so a duniya kamarsa.

Wata ranar Alhamis, gab da magariba, ta sauka sayo masa burodin tamis a bakin layi. Majid bai dawo daga aiki ba. Jama'a sun kwarara Harami, lungun ya yi tsit, sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da ɗigar ruwansu. Tana dawowa da burodin da zafinsa ta ji ƙarar sanda a bayanta.

Ƙwas. Ƙwas.

Alhazai tsofaffi sun cika Misfala, ta ce wa kanta. Sai warin ya iso, tsohuwar fata da hayaƙin kara.

Ba ta waiwaya ba. Ta haye bene da gudu, burodin ya faɗi a matakala, ta banko ƙofa ta murza makulli. Ta jingina da ita.

Sandar tana hawowa, ba sauri, ba tsayawa.

Ta tsaya daidai ƙofar.

"Salamu alaikum, gidan Abdulganiyyu."

Suhaila ta kama Ayatul Kursiyyu.

"Karanta, 'yata, ni ma na iya," muryar ta ce ƙasa-ƙasa. "Alkawari na zo karɓa. Hanyar da ba mu ƙarasa ba tana kaina, ta yi mini nauyi. Da ita ba zan shiga Harami ba. Wanda ya sauke ta, shi zai ɗauke ta."

Hannunta ya tashi da kansa ya nufi makullin. Ta riƙe shi da ɗayan, ya ƙi.

Makullin ya murɗa.

"Wa alaikumussalam."

A bayanta aka amsa. Mahaifinta ne, tsaye da ƙafafunsa a bakin ɗaki.

"Ya binti, baƙo a ƙofa kina tsaye?"

"Abuya, Babana, kar ka buɗe. Ni na yi masa alkawari, ni ce..."

"Na ji komai," ya ce. Ya dafa kanta, ya janye ta gefe. "A gidan nan mai gida ke sauke wa baƙo kaya."

Ya buɗe. Ƙafafu biyu masu ƙura kawai ta iya gani, don ta kasa ɗaga ido. Mahaifinta ya miƙa hannuwansa sama kamar mai karɓar ƙunshi daga kan wani, ya ɗora a nasa. Ta ji ƙashin wuyansa ya yi ƙara. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya daure ya miƙe.

"Bismillah, Alhaji. Mu je."

Ta kai hannu ta kamo rigarsa, rigar ta suɓuce mata, suka sauka suka bar ta a wurin. Daga nesa ladan ya tayar da kiran salla.

Bayan isha Majid ya sami surukinsa zaune a farfajiyar Harami shi kaɗai. Tafin ƙafarsa ya tsattsage, jan yashi ya cika tsagun. Maƙwabta suka yi ta barka, wai Allah ya tashi kafaɗun Abdulganiyyu.

Yana tafiya da ƙafarsa har yau, yana ci, yana salla. Sai dai bai ƙara kiran sunanta ba, bai ma san ta ba. Kullum ƙishirwa yake ji, kullum wuyansa a karkace. Da yamma yakan tsaya a taga, hasumiyar agogon Harami na gabansa, bai ganin ta, sai ya juyo ya tambaye ta cikin ladabi irin na matafiyi:

"Baiwar Allah, da saura nisa kafin a kai Makka?"

Takan miƙa masa ruwa.

"Mun kusa, Abuya."