Goyo da Hannu Ɗaya

Ƙawata, kin tambaye ni wace jakar goyo za ki saya wa 'yarki da ta haihu. Kafin na ba ki amsa, bari na ba ki labarin wata baiwar Allah da mijinta.

Shi tela ne, jakunkunan makaranta yake ɗinkawa. Ita kuwa har ta haihu Amarya yake ce mata. Hannunta na hagu ya shanye tun wani haɗarin babur da ta yi tana budurwa, kuma a kan hannun nan mahaifiyarsa, Inna, ta daɗe tana ƙin auren kafin ta haƙura. Da Allah ya ba su ɗa namiji, yayar Amarya ta zo ta zauna da su wata huɗu tana taya ta raino, sannan ta koma ɗakinta. Yaro kuwa ya yi ɓulɓul, har ubansa ya sa masa Lukuti.

Wata safiyar Talata, Inna ta zo musu 'yan kwanaki, Amarya ta sunkuya a bakin katifa za ta goya shi. Ta ɗora shi a baya, ta ciji gefen zani da haƙori, ta kai hannun dama za ta jawo ɗaya gefen. Yaro ya yi wani zillo, sai ga shi tim a kan katifa!

"Innalillahi!" Inna ce a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji. "Da a siminti ne fa? Ke, da a siminti ne fa?"

"Inna, bai ji ciwo ba, wallahi kullum a kan katifa nake..."

"Kullum? Ashe ba yau aka fara ba!"

Ta sure jikanta tana jijjiga shi, "Yi shiru mijina, yi shiru angona." Da Tela ya dawo cin abincin rana ta zaunar da shi ta yanke hukunci: ran Asabar za ta bi motar safe ta koma gida, kuma da yaron za ta tafi. Madarar gwangwani ta raini 'ya'yan wasu, shi ma za ta raine shi. Uwar da ba ta iya goyo, in gobara ta tashi da me za ta ɗauki ɗa, da me za ta buɗe ƙofa?

Tela ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Amarya ta bi shi ɗaki.

"To? To kawai ka ce? Nono yake sha fa! Wata biyar gare shi!"

"Uwata ce, Amarya. So kike na ɗaga mata murya?"

"Ni kuma uwar wa ce? Ran da ka zo neman aurena ba ka ga hannun ba? Kai ka ce min kai ne hannuna na hagu. Yau ina hannun ya shiga?"

Ta zube a ƙasa tana kuka mara sauti don kada Inna ta ji. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ya yi ja.

"Sori, don Allah. Ba zan yi musu da Inna ba, amma ba zan zauna ba. Ki ba ni zuwa Asabar."

Washegari ya shigo da jakunkunan goyo uku da ya aro a shagon wani abokinsa don a gwada. Ta farko kyakkyawa ce, amma maɓallinta a tsakiyar baya yake, sai mai hannu biyu. Amarya ta yi ta miƙa hannu har kafaɗarta ta ƙage. Ta biyu mazauninta siriri ne, ƙafafun Lukuti suka yi ta reto, ya tsala ihu. Ta uku leda ce zalla, kafin minti goma yaro ya jiƙe sharkaf da gumi. Inna tana tsakar gida tana ninke kayan jikanta ɗaya bayan ɗaya, ko kallonsu ba ta yi ba.

Amarya ta daina cin abinci. In ta idar da salla sai ta daɗe a kan darduma, ba ta iya cewa komai sai "Ya Allah, ɗana." In tana ba shi nono sai ta riƙa lissafi a zuci: saura sau nawa?

Ran Alhamis Tela ya ajiye duk aikin mutane ya hau keken ɗinki. Ya auna kafaɗarta da ƙugunta, ya yanka yadin jaka mai kauri, ya dawo da duk maɓallan gaba, ta ɓangaren dama. Ran Juma'a da yamma ya cika galan da ruwa daidai nauyin Lukuti, ya sa a ciki, ya yi ta tsalle da shi a shago. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Da ya iso gida yaro ya riga ya yi barci a ɗakin Inna, ba damar gwaji.

Safiyar Asabar Inna ta fito da mayafinta, kaya a ɗaure a bakin ƙofa.

"Inna, alfarma ɗaya," in ji Tela. "Ki duba wannan kafin ki tafi."

Amarya ta zura jakar ta ka, ta ja bel ɗin ƙugu, ƙas! Ta zauna ta jawo yaro daga cinya zuwa ƙirji, ta ja na kafaɗa, ƙas! Ta miƙe tsaye, hannunta na dama a sake. Tela ya fara murmushi.

Sai Lukuti ya banƙare ya callara ƙara, irin wadda ba su taɓa ji ba.

"Jijjiga shi, zai saba," Tela ya raɗa mata. "Daure minti biyu kawai, Amarya, filis!"

Ta kalli fuskar ɗanta ta ga ta yi jajir. Ba ta daure ba. Ta ɓalle maɓallan nan biyu cikin ƙiftawar ido, ta zaro shi ta rungume, ta durƙusa a gaban surukarta.

"Ciwo yake ji masa, Inna. Ga shi. In dai a jikina wahala zai sha, gara ki tafi da shi. Ruwan ɗumi yake so a wanka, kuma ba ya barci sai an shafa masa kunne..."

Inna ta karɓi yaro ta ɗaga rigarsa, ta ga jan layi biyu a cinyoyinsa. Sannan ta sa hannu cikin jakar ta shafa, ta ƙwanƙwasa gindinta.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Kwali ne, Inna. Don ta tsaya da kyau, haka muke sa wa..."

"Kwali! Mijin nawa littafin lissafi ne? Ga bakin ɗinki duk ka juyo shi ciki yana yankar fata. Da wa ka gwada?"

"Da galan."

"Galan! To ai galan ba ya kuka, sakarai. Ɗauko reza!"

"Inna, mota fa?"

"Da kai za ta tafi? Na ce ɗauko reza!"

A tsakar gida ta baje, yaro a cinya. Ta sa Tela ya farke gindin ya jefar da kwalin. Ta auna da tafin hannu daga bayan gwiwar yaro zuwa bayan ɗaya gwiwar, ta ce faɗin mazauni ke nan, ya zauna gwiwoyi sama da ɗuwawu kamar kwaɗo. Ta sa aka shimfiɗa yadin auduga mai laushi a ciki, aka sa soso a kafaɗa, aka ɗaga bayan ya tallafi ƙeya ba tare da ya rufe hanci ba. Tela ya ɗauko keke daga shago a ka, yana ɗinki tana faɗa. Maɓallan kuwa ta ce kada ya taɓa su, nan kaɗai ya yi hankali.

Bayan la'asar Amarya ta sake sa ɗanta a jakar. Ƙas, ƙas. Lukuti ya yi ɗan ƙorafi, ya lafe a ƙirjinta, ya kama bakin mayafinta yana tsotsa. Ta zaga tsakar gida sau uku, ta buɗe ƙofa ta rufe. Kafin ta dawo ya yi barci.

Inna ta goge ido da gefen zani.

"Kin san yau za ki rasa shi, amma ba ki bar shi ya yi kukan minti biyu ba. Ni da hannu biyu na raini wannan, ga shi yana zuba wa jariri kwali. Kwance kayan mijina, 'yata. Gobe ni kaɗai zan tafi."

Amarya ta kifa kai a gwiwar Inna ta fashe da kukan da ta kwana huɗu tana haɗiyewa.

To ƙawata, ga amsarki. Ku tafi shago da jaririn, a sa shi a ciki a gani, wadda ya lafe a ciki ita za ki saya. Ki kuma gaya wa 'yarki, haƙuri da girmama manya ba sa tashi a banza a wurin Allah, kuma ba da yawan hannu ake zama uwa ba. Sai dai don Allah maganar nan ta tsaya a tsakaninmu. Inna tana nan da ranta, kuma duk wanda ya yaba jakar ce masa take yi ita ta ƙirƙiro ta tun daga farko. Kada ki gaya wa kowa.